Sirinji ko leda: wanne ya fi toshewa wajen adon kek?

'Yar'uwa, tunda tsakanin sirinjin roba da leda mai kan ƙarfe kike tambaya, ki sayi leda. Duka biyun ina da su.

Sirinjin na fara saya, saiti mai kawuna shida, kuma har yau ina jin takaicin kuɗina. Kawunan roba ne, akwai ɗan layin haɗi a ciki inda aisin, wato kwaɓin sukarin da ake yi wa kek ado da shi, ke maƙalewa, in ya toshe kika danna da ƙarfi sai kan ya fice ya ɓata miki kek. Yanzu jam nake ɗurawa cikin donat da shi, wannan kam yana yi.

Leda kuwa ita ta fitar da ni kunya ranar walimar saukar 'yar yayata. Tsakiyar hunturu ne, ina rubuta "Barka da Sauka" da aisin na farin ƙwai, da siririn kai lamba 2. Ina cikin kalma ta biyu aka kira ni ƙofar gida, kafin in dawo bakin ya bushe ƙam. Da yake akwai zoben da ake ɗaura kan da shi, sai na kwance, na jefa shi a ruwan ɗumi, na ɗaura wani, na ɗora daga inda na tsaya. Ko minti biyu ban ɓata ba. Sannan da leda hannunki yana jin gudaji tun bai iso baki ba, sai ki murje shi da yatsa ta waje.

Amma fa yawancin toshewa daga kwaɓi take farawa. Sukarin aisin yana shan danshi ya dunƙule, musamman da damina, don haka ki tankaɗe shi sau biyu da rariya mai laushi. Bota ki bari ta saki kafin ki buga. Kalar gari ki narka ta da ɗigon ruwa tukuna. Duk sanda za ki ajiye ledar, ko na minti ɗaya ne, ki lulluɓe bakin da ƙyalle mai danshi. Tsinken sakace yana buɗe bakin in ya toshe, sai dai ciki yake tura busasshen aisin ɗin, anjima kaɗan ya dawo.

Ki kula da masu sayarwa, musamman na intanet. Za a nuna miki hoton kawuna masu ƙyalli a ce ba sa tsatsa, wanki biyu su yi ja. In a shago ne, ki ɗaga kan ki leƙa ramin a haske, ki shafa gefen ki ji ko akwai layin haɗi, in akwai ki ajiye musu. Sukarin da aka ƙulla a leda babu suna ma ki guje shi, na taɓa sayen wanda aka gauraya da fulawa.

Ki fara da fakitin leda ɗaya, zobe biyu, kai lamba 2 guda biyu, da mai tauraro ɗaya.