Kafintan da ya gano yoyon shagunanmu na Titin Bauchi

Shaguna shida gare mu a jere a Titin Bauchi, nan Jos, gadon mahaifinmu, ni nake kula da su. Irin ginin nan ne da ake jan katanga ta ɓoye kwano, ruwa ya taru a kwatar siminti a bayanta, ya bi bututu ya sauka. Damina uku shagon ƙarshe, na mai atamfa, yana yoyo. Kafintoci biyu sun hau sun sauko da magana ɗaya: a yaye rufin duka a sa dogon alminiyon. Kun dai san kuɗinsa yanzu.

Na ukun, wanda maƙwabcina ya haɗa mu, bai ce uffan ba sai da ya sa yaronsa ya hau da jarka biyu ya tuttula a kwatar. Ruwa ya tsaya cak. Ya leƙo ya ce, "Alhaji, daure ka hau ka gani da idonka." Ni da na manta rabona da tsani! Haka na hau ƙafa na rawa. Wallahi kunya ta kama ni. Bakin bututun ya cushe da leda da ƙasa da kashin tattabaru, har ciyawa ta tsiro. Ya ce in ruwan farkon damina ya zo da ƙanƙara, kamar yadda ya saba mana a garin nan, ƙanƙarar kan ƙarasa toshe bakin, kwata ta cika, ruwa ya koma ta ƙarƙashin kwano ya sauka kan silin. Kwanon da ake so in zubar lafiyarsa ƙalau, guda 7 ne kawai bakinsu ya yi tsatsa.

Ya kwashe dattin, ya ƙara bututu na biyu mai inci 4, ya sake dabe kwatar ya ba ta gangare, ya shimfiɗa kwalta, ya canza ƙusoshin da suka saki da masu roba. Abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na lissafin waɗancan kafintoci biyu ba. Ruwan Yuli da Agusta ya zo ya wuce, ko ɗigo ba mu gani ba. Mai atamfa har turare ya kawo mini.

Sai dai ina wannan rubutu raina na sake ɓaci. Akwai katako uku da ruwa ya ruɓar. Na ba kafintan kuɗi a hannu na ce ya je Kasuwar Katako ya sayo tubaifo masu kyau, ya shafe su da baƙin mai saboda gara. Da mai gyaran wuta ya buɗe silin kwanan baya, sai ga guntaye an buga a jikin ruɓaɓɓun, farare tas, ko ƙamshin mai ba su ji ba. Ina sauran kuɗin? Na kira shi, ya ce, "Alhaji, ina Bukuru, gobe in sha Allahu." Goben nan yau mako uku ke nan.

Gano yoyo kam ya iya, ko gobe shi zan kira, amma kasuwa da ƙafata zan je. Ga kuma silin shagon tela da yaronsa ya taka ya ɓurma, ya ce zai dawo ya toshe. Har yanzu a buɗe yake, telan kuwa ya ce a kuɗin haya zai cire.