Agogo mai nauyi: a gyara sarƙar, ko a koma fata, roba ko zare?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da safe don in amsa a natse. Ka ce yayanka ya kawo maka agogon ƙarfe tsaraba daga Saudiyya, ka auna shi ya kai giram 180, kuma kafin la'asar ya riga ya koma aljihu, saboda yana zamewa yana dukan ƙashin tsintsiyar hannunka har ya bar maka shaida. Kana so ka san wanne ya fi: a rage masa sarƙa, a canja masa maɗaurin fata ko na roba, ko ka haƙura ka sayar.

Kada ka sayar tukuna. Giram 180 nauyi ne, ba musu, ya ɗan haura sulusin ledar fiya wata, kuma ya ninka ƙaramin Casio F-91W ɗin nan mai giram 21 sau takwas da ɗoriya. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wayar da ke aljihunka ma kusan nauyinta ke nan. Abin da ke gajiyar da hannu shi ne kayan da ke reto. Dubi mai tallan da ya daidaita gammo, zai yi yawo da tire tun safe har yamma, amma da gammon ya karkace ko ƙarshen layi ba zai kai ba sai wuya ya ƙage. Agogon da ke hawa da sauka a hannu, duk ɗagawa sai ya faɗo kan ƙashi, kai kuma kana ta ƙanƙame hannu ba ka sani ba. Bayaninka ya nuna mini wannan ce matsalarka.

Don haka sarƙar da ya zo da ita zan fara sa wa a sikeli, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin ita ce aka fi yi wa rashin adalci. Sau da yawa kusan rabin nauyin irin wannan agogo a sarƙar yake, shi ya sa mutane ke gaggawar cire ta. Sai dai wannan nauyin yana da aiki. Kan agogo yana sama, maɓallin ƙarfe yana ƙasa, suna riƙe juna kamar buhu biyu a bayan jaki. Ka cire na ƙasa, na sama ya rinjaya. Sarƙa kuma ba ruwanta da ruwan alwala, ba ta shan gumi, ba ta wari, sabulu da tsohon buroshin haƙori sun ishe ta. A gari irin Bauchi, inda za ka jiƙa hannu har gwiwa sau biyar a rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cire ta ma da danni ɗaya ne idan za ka yi alwala.

Aibinta shi ne ba ta yafe kuskuren awo. Ka kai ta wurin masu gyaran agogo, akwai su wajen kasuwar Wunti, amma ka je da rana tsaka ko bayan azahar, lokacin da zafi ya ɗan kumbura hannu. Wanda aka auna wa da sanyin safiya, da rana sai ta shaƙe shi. Ka tsaya a kan mai gyaran ya yi abu uku. Ya cire gaɓoɓin ta ɓangare biyu, ba ta ɓangare ɗaya kawai ba, yadda maɓallin zai zauna daidai tsakiyar cikin hannunka. In dole sai ɓangare ɗaya ya fi gajarta, to ya zama ɓangaren da lamba 6 take a fuskar agogon. Mafi yawan agogon da ka ga yana juyawa gefe, an zare masa gaɓa uku ne ta waje ɗaya saboda sauri. Sannan ka duba gefen maɓallin, za ka ga ƙananan huji uku ko huɗu a jere. Waɗannan su ne na ƙaramin gyara, kowanne yana ƙara ko rage kamar milimita 2, kuma da tsinken sakace ma kana iya matsar da fil ɗin da kanka a gida. Da bazara ka saki huji ɗaya, da hunturu ko cikin azumi, lokacin da hannu ke ɗan ramewa, ka mayar. Na uku, idan Seiko ne ko Citizen, wasu sarƙoƙinsu suna da wani ɗan mitsitsin zobe da ke riƙe fil a cikin gaɓa. Ni an taɓa yar mini da shi a wurin gyara, mai gyaran bai ma san ya faɗi ba, bayan kwana huɗu fil ɗin ya zame agogon ya faɗo a bakin masallaci. Ka ce ya shimfiɗa farin ƙyalle kafin ya fara, kuma ka karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana su.

Ma'aunin da nake bi: ɗan ƙaramin yatsanka ya shiga ƙarƙashin maɓallin da ƙyar, kuma in ka sauke hannu ka girgiza, agogon kada ya tsallake ƙashin nan da ya turo a tsintsiya. Mazauninsa sama da ƙashin ne da kamar faɗin yatsa ɗaya, ta wajen gwiwar hannu. Can ne naman ya fi kauri, kuma ɗan kunnen da ake saita lokaci da shi ba zai riƙa sokin bayan hannunka ba idan ka riƙe kan mashin ko ka dafa ƙasa a sujada.

Sarƙoƙi ma suna suka tara. Mai ƙananan gaɓoɓi layi biyar, irin wadda Rolex ya fito da ita a 1945 ya kira ta Jubilee, kuma kamfanoni da yawa suka kwaikwaya, ta fi lanƙwasa ta bi hannu fiye da mai manyan gaɓoɓi layi uku. Akwai kuma mai saƙar raga, wadda maɓallinta ke zamewa ya tsaya duk inda kake so, ta fi sauƙin nauyi, sai dai mai araha tana cizge gashi.

Fata fa? Ita ce kowa ke fara ba da shawara, kuma ita ce na fi ja da baya a kanta. Ranar farko za ka ji kamar an sauke maka kaya: giram 70 ko 80 na ƙarfe sun tafi, abin da bai wuce giram 20 ba ya maye gurbinsu. Ga kyau da farar shadda, musamman ranar Juma'a. Amma idan fatar siririya ce mai laushi, kan agogon zai riƙa kifewa gefe, kai kuma ka ƙara ɗaurewa don ya tsaya, an gudu ba a tsira ba. Hujinta kuma tazararsu ta kai milimita 6 ko 7, sau da yawa daidai ɗinka yana tsakanin huji biyu. Wannan baduku zai iya huda maka na tsakiya. Abin da ba zai iya gyarawa ba shi ne Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Fata tana shan gumi, ta sha ruwan alwala, ta bushe, ta sake sha, cikin 'yan watanni ta yi baƙi ta fara wari, hunturu na zuwa ta tsattsage. Mai rini kuma tana iya zuba a bakin hannun riga. In dai fatar kake so, nemi mai kauri wadda ba ta siranta sosai wajen maɓalli, ka riƙa cirewa kafin alwala, ka ɗauke ta a matsayin ta fita unguwa da ta lokacin sanyi. Akwai wani salo da sojojin saman Jamus suka yi amfani da shi, ana ce masa Bund, wato faffaɗar fata ake shimfiɗawa ƙarƙashin kan agogon kamar gammo. Yana baza nauyi sosai, kuma dukawanmu za su ɗinka shi ba wahala in ka nuna musu hoto. Da hunturu daɗi gare shi. Da bazara kuwa gumi yake tarawa.

Roba ita ce ta biyu a wurina bayan sarƙa, kuma in sarƙar ta ƙi zama duk da gyara, nan zan tura ka. Tana kama fatar hannu ba ta zamewa, wanda shi ne ainihin abin da agogo mai nauyi ke bukata, ruwa ba ya yi mata komai, ko ruwan Wikki ka shiga a Yankari ba abin da zai same ta. Sai dai a nan ne araha ba ta ado. Mai laushin nan ta silikon da ta cika kasuwa tana jan ƙura kamar maganaɗisu, a hunturu kafin azahar baƙa ta koma ruwan toka, kuma laushinta ya yi yawa ga kai mai nauyi. Mai taurin leda kuwa tana bushewa ta karye a wajen huji. Wadda ake rubuta wa FKM ta fi su duka, ba ta riƙe ƙura, tana jure zafi, ta fi tsada. Ko wacce za ka saya, juya cikinta ka duba: in akwai kwari-kwari ko huji da iska za ta bi, to madalla, in sumul take, gumi zai kwanta a ƙasa ya jawo ƙaiƙayi. In ka samu mai lanƙwasasshen baki da ke manne wa jikin agogon ba tare da rata ba, ita ta fi hana shi kifewa. Gaskiya da babbar riga ba ta kai sarƙa ko fata kwarjini ba, wannan kai za ka auna da irin shigarka.

Na zare, wanda ake kira NATO, asalinsa na ma'aikatar tsaron Birtaniya ne tun 1973. Ya fi kowanne rashin nauyi da araha, ana wanke shi kamar safa, kuma da yake zare ɗaya ne ya ratsa ta fil biyun da ke riƙe maɗauri a jikin agogo, ko ɗaya ya karye agogon ba zai faɗi ba. Mai yawan hawa mashin zai so wannan. Amma ga agogo mai giram 180 ban ba ka shawara ba. Yana bi ta ƙarƙashin kan agogon ya ƙara ɗaga shi sama, abin da ke da tsayi da nauyi kuwa ƙara masa tsayi ƙara masa reto ne. Bayan alwala kuma sai ya daɗe da danshi a hannu.

Kafin ka sayi ko ɗaya, auna ratar da ke tsakanin ƙahonin agogon biyu inda maɗauri ke shiga. Yawanci milimita 20 ne ko 22 a manyan agogo. Wanda ya gaza da ko milimita ɗaya zai bar fil a waje yana wasa. Ka kuma sa a saka maka sababbin fil masu kauri, don nauyin gaba ɗaya a kansu yake rataye. Wasu agogon kuma sarƙarsu haɗe take da jiki, ba sa karɓar maɗaurin kasuwa, in naka irinsu ne to gyaran sarƙar kaɗai ya rage maka.

Akwai inda duk wannan ba zai yi amfani ba, kuma gara in faɗa maka. Ɗaura agogon ka dube shi ta sama a madubi. Idan ƙahoninsa sun wuce faɗin hannunka sun leƙa waje, to ya fi ƙarfin hannun, ba maɗaurin da zai zaunar da shi. Nan sai ka bar shi na Juma'a da ɗaurin aure, tunda tsarabar ɗan'uwa ce ba a rabuwa da ita haka kawai, ka nemi na yau da kullum daban. In kana son girman amma ba ka son nauyin, nemi na ƙarfen titaniyam, wanda Citizen ya fara yin agogo da shi a 1970. Ya fi ƙarfen da aka saba sauƙi da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ya fi dacewa da wanda fatarsa ke ƙuraje saboda sinadarin nikel da ke cikin ƙarfen agogo.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: kada neman hana shi reto ya sa ka shaƙe hannu. Akwai jijiya da ke bi ta gefen babban yatsa dab da fata, maɗauri mai tsanani yana danne ta. In ka fara jin bayan babban yatsanka yana dindiris ko kamar ana tsira maka allura, cire agogon, ka huta da shi kwanaki ko ka mayar da shi ɗaya hannun, in abin bai wuce ba ka ga likita.

In ni ne kai, ranar Asabar bayan azahar zan kai shi a daidaita sarƙar, in sa shi mako biyu cur ina wasa da hujin maɓallin har in gano nawa. Hannu ma yana bukatar kwanaki kafin ya saba. In bayan mako biyun har yanzu yana komawa aljihu kafin la'asar, sai in sayi roba mai kauri mai kwari a ciki, in nannaɗe sarƙar da gaɓoɓinta in ajiye a kwalinsa. Ka turo faɗin ƙahonin da kaurin hannunka, ko da tef ɗin tela ka auna, sai in gaya maka girman da za ka nema.