Mai ɗaure kayan miya a kasuwar Zuru, ga masu ɗan'uwa a seminari a Roma

In kuna da ɗa ko ƙane da coci ta tura waje karatun zama Fada, akwai wata Mama a layin masu kayan miya cikin kasuwar Zuru da sana'arta ke nan, shirya wa matafiya kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin kunu. Aikinta ya yi, zan sake komawa, amma fa akwai ƙorafi ku bari in zo wurin.

Ƙanena yana Collegio Urbano, gidan horon 'yan seminari da aka kafa tun 1627, yanzu yana kan tudun Gianicolo dab da Batikan, karatu kuma a jami'ar Urbaniana da Italiyanci ake yin shi. Ya ce yaren a hankali yana shiga, sanyin Janairu ma jaket ta raba gardama, abin da ya fi ba shi wuya cikinsa ne. Da safe kofi da ɗan burodi, da rana taliya, gobe ma taliya sai dai a canja mata fasali, yaron da ya tashi da tuwon dawa fa. Akwai kasuwar Esquilino kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini inda ake samun doya da manja, amma da yuro ake saye, ɗan kuɗin aljihun ɗan seminari nawa yake.

To da wani Fada zai koma can hutu ya ƙare, sai na je wurin Mama. Daddawar nan sai da ta sake shanya ta ta bushe ƙayau, ta daka ta koma gari, ta zuba a leda ta liƙe da inji, ta ƙara wata ledar, ta sa a roba mai murfi ta naɗe da salatif, na kai hancina jikin robar ko alamar wari babu, kuma duk wanda ya san daddawa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kowane ƙulli ta sa jikarta ta rubuta sunansa da Turanci da alƙalamin maka saboda 'yan kwastan, sannan ta ɗora a sikeli, don jaka ɗaya kilo 23 ne kuma mutum alfarma zai yi maka, ba ka cika masa akwati ba.

Inda ta fi burge ni, na zo da kilishi da man shanu ta ce a'a. "Ɗiyata kada ki ba Fada kunya a filin jirgi, ba a shiga Turai da nama ko kayan nono." Haka dokarsu take kuwa, ƙwacewa za su yi. Wake ma ta ce in bar shi, tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari. Da wata ce, da ta karɓi kuɗin ɗauri ta yi shiru.

Ƙorafin. Ba ta cika alkawarin lokaci, injin liƙewar sai da wuta, in NEPA ba su kawo ba sai dai ka ji "Allah ya kai mu gobe", saura kaɗan Fada ya kama hanyar Abuja babu kayan. Yajin kuma magi da gishiri sun yi yawa, citta kamar an yi mata rowa, garin kunun ma ya isa can a dunƙule, bai gama bushewa ba ta ɗaure. Ba ta da POS, tiransifa kuma sai ta ga alat a wayarta kafin ka ɗaga kaya.

Kukar da kuɓewar dai lafiya lau, ƙanena ya ce in sun samu dama a kicin da semolina suke tuƙa tuwon, shi da wasu 'yan Afirka ta Yamma. Ku ba ta mako guda kafin ranar tafiya, yajin kuma ku kai naku na gida ta liƙe muku kawai.