Bajinta a fili ko yawan mabiya: wanne ya fi kawo kuɗin talla?

Tun ranar 1 ga Yuli, 2021, da hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta sakar wa 'yan wasan jami'o'i mara su ci kuɗin talla da sunansu da hotonsu, hanyoyi biyu suka bayyana.

Ta farko, yawan mabiya. A ranar ma, tagwayen nan Haley da Hanna Cavinder, 'yan ƙwallon kwando a jami'ar Fresno State, suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin sadarwar waya na Boost Mobile. Ba don sun fi kowa iya wasa ba. Miliyoyin da ke kallonsu a TikTok kamfanin ya hango. Haka Olivia Dunne, 'yar wasan motsa jiki (gymnastics) ta jami'ar LSU da ke Louisiana. Amfanin wannan hanya, ko kana benci wayarka na kawo kuɗi. Wahalarta kuwa, kullum sai ka ɗora sabon bidiyo bayan atisaye da darasi, in ka yi shiru mako biyu an manta da kai.

Ta biyu, bajinta, kuma ni ita na fi yarda da ita. Caitlin Clark, 'yar ƙwallon kwando ta jami'ar Iowa, ta karya tarihin maki 3,667 da Pete Maravich ya kafa a ƙwallon kwandon jami'o'i a watan Maris na 2024, sannan sama da mutum miliyan 18 suka kalli wasan ƙarshe na gasar da ta buga da jami'ar South Carolina. Kamfanonin Nike da Gatorade da State Farm duk sun yi talla da ita. Sai dai bajintar ma tana son talabijin. Gwanin ninkaya a ƙaramar jami'a, komai iyawarsa, da ƙyar zai samu tallar gidan abincin unguwarsu.