Gana ko Zanzibar: ina ma'aurata daga Gombe za su je bakin teku?

Gana ta fi sauƙin shiga. Ƙasar ECOWAS ce, ba biza, fasfo da katin rigakafin shawara kawai. Jirgi daga Gombe zuwa Abuja, daga nan Accra. A unguwar Nima ta Accra, da Hausa za ku yi ciniki, ku ci tuwo. Matsalar ita ce ruwan: tekun Atlantika a Labadi da Cape Coast yana da igiya mai jan mutum ciki, wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya gwiwa.

Zanzibar kuwa, tsibirin Tanzaniya, sai an sha wuyar takardu. Ɗan Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance shi, don haka kada ku sayi tikiti kafin ta fito. Tun Oktoban 2024 kowane baƙo yana biyan inshorar dala 44. Ana sauya jirgi a Addis Ababa. Amma garin Musulmi ne, abinci halal, Hajiya da hijabinta ba mai kallonta.

In Zanzibar kuka zaɓa, ku kama ɗaki a Nungwi, a arewacin tsibirin. A Paje da ke gabashi ruwa kan janye nesa, sai ku tarar da yashi zalla. Maris zuwa Mayu damina ce, a kauce mata.