Gargaɗi ga masu a-kori-kura a Amurka: hattara da dillalan tirela masu cewa "motarka za ta ja"

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya mallaki a-kori-kura irin su Ford F-150, Toyota Tundra, Ram 1500 ko Chevrolet Silverado, kuma yake da niyyar sayen tirelar tafi-da-gidanka, wato irin wadda ake ɗaurawa a bayan mota, mai gado da wurin girki da banɗaki a ciki, domin fita da iyali lokacin hutun makaranta. Akwai masu talla a Facebook Marketplace da Craigslist waɗanda ke cin kasuwarsu a kan sababbin shiga wannan harka, kuma iri biyu ne.

Na farko ba shi da tirela ko kaɗan. Hotunan wani ya ɗauko, ya sa kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba, sannan ya kawo labari mai ban tausayi: soja ne za a tura shi aiki ƙasar waje, ko kuwa mace ce da mijinta ya rasu, ganin tirelar yana tayar mata da hankali. Ba za a bari ku je ku gani da ido ba, sai a ce eBay ne zai riƙe kuɗin amana har kaya su iso, a nemi kafin alƙalami ta katin kyauta ko ta tura kuɗi kai tsaye. Hukumar FBI ta yi gargaɗi a kan wannan damfara tun 2018, kuma eBay ba ya tsaya wa cinikin da aka ƙulla a wajen shafinsa. Wanda ya faɗa hannunsu ya kai ƙara cibiyar IC3 ta hukumar, mai karɓar ƙorafin damfarar intanet, kada kunya ta hana shi.

Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi yana da tirelar da gaske, zai karɓe ku da fara'a, ya haɗa muku da ƙarfen ja da sarƙoƙi a matsayin gyara, ya sallame ku zuwa babban titi da mata da yara a cikin mota. Jarinsa lambobi biyu ne. Zai faɗa muku nauyin tirelar lokacin da ta fito daga masana'anta babu komai a cikinta, sannan ya nuna muku lambar da kamfanin motarku ke tallatawa a matsayin iyakar abin da take ja, ya ce ku duba da kanku, ai akwai sauran fili. Duka lambobin biyu na iya zama gaskiya, kuma da su ake yin zambar. Waccan babbar lamba ta talla ta wani samfuri ce guda ɗaya mai injinsa da giyarsa na musamman, kuma ƙa'idar SAE J2807 da kamfanoni ke auna ta da ita tana ƙaddara cewa direba da fasinja ɗaya ne kawai a cikin motar, kowanne mai nauyin fam 150 na awo. Babu magidancin da ke fita hutu a haka.

Lambar da dillalin ba zai taɓa ambata ba tana manne a jikin motarku. Ku buɗe ƙofar direba, za ku ga takarda mai ruwan ɗorawa da fari a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta iya ɗauka. Nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙarfen ja yana cikin wannan lissafi, kuma ya kamata ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar bayan an loda ta. Ga misali, da fam na awo kamar yadda ake rubutawa a nan, wanda bai kai rabin kilo ba: a ce takardar ƙofa ta ce fam 1,500, dillali kuma ya ce tirelar fam 6,000 ce. Da an cika tankin ruwa, wanda kowane galan ya haura fam 8, aka ɗora tukwanen gas da batir da buhun shinkafa da kayan sawa, za ta doshi iyakar nauyinta, a ce fam 7,500. Idan bakinta ya danna kashi 13 na wannan, fam 975 ke nan. Ƙarfen ja mai raba nauyi shi kansa yana iya kai fam 100. Maigida da uwargida da yara uku, a ce fam 600. An kai 1,675 ke nan, ba a sa ko da sanho ɗaya a bayan motar ba, alhali tallar tana cewa motar na jan fam 11,000.

Idan kun kawo wannan magana, amsarsa a shirye take: zai ce ƙarfen da ya haɗa muku yana raba nauyi, ko ya ce a sa jakar iska a ƙafar baya, shi ke nan. Ƙarfe mai raba nauyi abu ne mai amfani ƙwarai, yana mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa ƙafar gaba ta mota da tayoyin tirela, sitiyari ya dawo hannu. Jakar iska kuma tana ɗaga bayan motar ya daina durƙushewa. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙara ko fam guda a kan iyakar da kamfani ya rubuta, domin birki da tayoyi da ƙashin motar suna nan yadda suke. Wasu ma, don kada ku ga motar ta durƙusa a gabansu, sukan tara kaya masu nauyi a can ƙarshen tirelar domin bakinta ya yi sauƙi. Wannan mugunta ce tsantsa, saboda tirelar da bakinta bai kai kashi 10 ba ita ce ke fara lilo a kan titi da zarar babbar mota ta gifta ko iska ta bugo daga gefe, kuma lilon yana ƙaruwa ne da gudu har ya juya motar da ke jan ta.

Shi kansa ƙarfen da ake ba ku gyara, ku durƙusa ku dube shi da kyau. Dunƙulen da bakin tirela ke hawa kansa yana da girma uku da aka saba da su a Amurka: inci 1 7/8, inci 2, da inci 2 5/16, kuma na gaskiya ana buga girmansa da iyakar nauyinsa a samansa. Bakin tirela mai inci 2 5/16 zai zauna a kan dunƙule mai inci 2 kamar lafiya lau, har sai an faɗa rami ya fice. Idan kun ga sabon baƙin fenti ya rufe tsatsa da tabon walda, babu tambari babu lamba, kada ku karɓa ko da kyauta ne. Araha ba ta ado. Wannan jan kunne ya shafi har waɗanda ke aika irin waɗannan motoci gida, inda akan kai wa mai walda ya liƙa ƙugiya a jikin bamba, alhali ƙarfen ja na gaskiya a ƙashin mota ake ɗaure shi.

Sai maganar birki, inda yaudarar ta fi ɓoyuwa. Tirela irin wannan tana da birkin lantarki nata, wanda ke aiki ta soket mai baki 7 tare da na'urar sarrafa birki a cikin mota. Idan motarku mai baki 4 ce, marar tsoron Allah zai miƙo muku ƙaramin mahaɗi, ya ce ku taka birki, fitilun baya su kama, sigina ta yi ƙiftawa, kowa ya gamsu. Fitilu kawai wannan mahaɗin ke kunnawa. Birkin tirelar a mace yake, kuma ba za ku sani ba sai a gangaren dutse. Jihohi da yawa sun wajabta birki ga tirelar da ta kai fam 3,000, a Kalifoniya kuwa daga fam 1,500 ne ga irin wannan ta kwana. Gwajin ba shi da wuya: a fili, ana tafiya a hankali, ku matsa maɓallin hannu na na'urar ba tare da taka birkin mota ba, dole ku ji tirelar ta riƙe ku. Ku duba siririyar wayar da ke kama birki idan tirela ta ɓalle, ku tabbatar batirinta na da caji, sarƙoƙi biyu kuma a gitta su a ƙarƙashin bakin tirelar. Tayoyi ma kada ƙyallinsu ya ruɗe ku, domin lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne shekarunsu: 2317 na nufin mako na 23 na shekarar 2017.

Kafin kuɗi ya bar hannunku, ku nemi takardar da ke manne a gaban tirelar ta ɓangaren hagu, mai ɗauke da lambar shaidar tirelar, wato VIN, ta haruffa da alƙaluma 17 da iyakar nauyi da ake rubutawa GVWR. Idan an kankare ta, ko aka ce rana ce ta cinye ta, ciniki ya ƙare a nan. Lambar ta dace da ta takardar mallaka, sunan da ke takardar ya dace da na katin shaidar mai sayarwa, sannan ku bincika ta kyauta a shafin NICB, ƙungiyar da ke bin diddigin satar motoci, ko an taɓa kai rahoton satarta. Daga nan ku gindaya sharaɗi guda: a je sikelin manyan motoci, irin na CAT Scale da ke gidajen man direbobin manyan motoci, a auna motar ita kaɗai, a sake aunawa da tirelar a ɗaure. Kuɗin awon kaɗan ne, kuma takardar da za a ba ku tana nuna nauyin ƙafar gaba da ta baya da ta tirela daban-daban. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya fara cewa sauri yake yi, ko wani mai saye na nan tafe da tsabar kuɗi, ku yi masa sallama ku kama hanya, sannan ku kai rahoton tallarsa a shafin da kuka gan ta domin kada wani ɗan'uwa ya faɗa.