Gishiri, dunƙule ko daddawa: wanne za a sayo wa mai ciwon ƙoda?

Da zarar likita ya tabbatar wa mutum cewa ƙodarsa ta yi rauni, abu na farko da yakan umarta shi ne a rage gishiri, kuma daga nan nauyin yake komawa kan mai cefane da mai girki. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yadda ya kamata, sai jiki ya riƙe ruwa, ƙafafu su kumbura, hawan jini ya ƙaru, shi kuma hawan jinin ya ƙara lalata ƙodar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda yake ɓoye cikin burodi da kilishi da kifin gwangwani.

Mutane da yawa sukan daina sa gishiri su ƙara dunƙule, suna ganin sun bi umarnin likita. Ba su bi ba, domin kusan rabin nauyin dunƙule, ko fiye, gishiri ne, ga kuma ƙarin sodiyam daga sinadarin da ke ba shi ɗanɗano. Farin magi ma yana ɗauke da sodiyam, haka kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko kuɓewa ko tukunyar wake. Gishirin gari aƙalla ana iya auna shi: a ware abin da likita ya yarda da shi a ƙaramin kwano tun da safe, a girka na majinyaci daban, in ya ƙare ya ƙare.

Zaɓin da ya fi yaudara shi ne gishirin manyan kantuna da ake rubuta wa cewa sodiyam ɗinsa kaɗan ne, wanda ya fi na gari tsada sosai. Yawancinsa an maye gurbin wani kaso na sodiyam da wani sinadari mai suna fotasiyam ne. Ga mai hawan jini da ƙodarsa ke lafiya hakan na iya zama alheri, amma ga mai ciwon ƙoda fotasiyam na taruwa a jini, kuma idan ya yi yawa yana hargitsa bugun zuciya har ya tsayar da ita, sau da yawa ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Haɗarin ya fi girma ga masu shan magunguna irin su lisinopril da losartan da spironolactone, waɗanda da ma suna sa jiki ya riƙe fotasiyam. A ganina wannan gishiri bai kamata ya shiga gidan ba sai likita ya duba gwajin jini ya amince da bakinsa.

Daddawar kalwa ta fi su duka dacewa, saboda ƙaramin ɓari yana ba miya armashin da ake nema a dunƙule. Sai dai wasu masu yin ta sukan zuba gishiri don ta daɗe, don haka a tambayi mai sayarwa, a kuma tuna cewa ƙwaya ce mai ɗauke da fotasiyam da fosforas, ba a cika hannu da ita. A tallafa mata da tafarnuwa, citta, albasa, masoro da ruwan lemun tsami, a saye su ɗanye ko busassu a daka a gida, domin yajin da aka riga aka haɗa a kasuwa kusan kullum da gishiri da dunƙule a ciki. Tumatirin gwangwani ko na leda kuwa tumatir ne mai yawa da aka ƙafe, fotasiyam ɗinsa ya taru wuri guda, saboda haka ɗanyen tumatir ɗaya ko biyu ya fi wa wanda aka ce ya kula da fotasiyam.

Duk kayan da ke cikin leda ko gwangwani, a juya bayansa a karanta. Idan adadin sodiyam aka rubuta, a ninka shi sau 2.5 a sami yawan gishirin.

Ba kowane majinyaci ne ake hana wa fotasiyam ba. Wanda ciwonsa ke matakin farko, gwajinsa kuma daidai, ba sai ya guji ayaba ko alayyafo ba, alhali wanda ake yi wa wankin ƙoda ƙa'idarsa ta fi tsauri. Kafin a je kasuwa, a riƙe takardar gwajin baya-bayan nan a nuna wa likita ko jami'in kula da abinci na asibiti, a kuma faɗa masa dunƙule nawa ake sawa a tukunya da mutum nawa ke ci daga cikinta, domin da wannan ne zai iya lissafa rabon majinyacin.